MASAGA, MASU DAFA YASHI

1. A Rumfar Ɗan Koli

Yara, ran da kasuwa ta ci a Karaye ko a Rogo, in an aike ku, ku ɗan ratsa ta rumfar 'yan koli. Za ku ga allura da zare, da madubi, da kwalli, da turare. A sama kuwa ga duwatsun wuya da jigida da awarwaro an rataye su reras, ja da kore da shuɗi da rawaya, sai ɗaukar ido su ke yi.

In kun koma gida, ku roƙi kakarku ta buɗe muku adudunta, ta nuna muku duwatsun da aka sa mata a lefe. Ku ɗauki ƙwaya guda daga cikin nata, ku gwada ta da irin wadda a ke sayarwa yanzu. Za ku tarar da bambanci uku. Na farko, ta kaka ta fi nauyi. Na biyu, in kun ɗora ta a kumatu za ku ji sanyi. Na uku, in kun gwara biyu za ku ji wata 'yar ƙara siririya mai daɗi. Ta zamani kuwa ba nauyi, ba sanyi, ba ƙara, gama yawancinta roba ce, inji ne ya zubo ta dubu-dubu.

Ko da ya ke muna ce musu duwatsu, ba dukansu ne duwatsu ba. Waɗansu dutse ne na ainihi, wanda aka fere aka huda. Murjani na asali kuwa daga cikin teku a ke samo shi. Amma da yawa daga cikinsu gilashi ne, watau dangin kwalba da madubi. Mutum ne ya zauna gaban wuta, ya narka, ya naɗa, ya gyara, ƙwaya ɗaya bayan ɗaya.

Yau za mu karanta labarin wannan mutum da sana'arsa. Za mu ga yadda ya ke koyonta, da yadda ya ke yinta, da kuma yadda rabinta ya kusa salwanta a hannunsa.

2. Mene ne Gilashi?

Asalin gilashi yashi ne, irin farin yashin nan da ku ke wasa da shi a bakin kogin Calawa da rani. In aka ba yashi wuta sosai, sai ya narke ya zama ruwa-ruwa. In ya huce, ba ya komawa yashi, sai ya daskare ya zama gilashi.

To, amma narka yashi ba ƙaramin aiki ba ne. Ruwa ya kan tafasa in zafinsa ya kai digiri 100. Yashi kuwa ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700. Wutar itace ba ta kai nan, kome yawan zugar da aka yi mata. Saboda haka mutanen dā suka nemi dabara, suka kuwa samu. Dabarar ita ce kanwa.

Kun san in uwarku tana son wake ya nuna da wuri, ta kan jefa 'yar kanwa a tukunya. To, haka kanwa ta ke yi wa yashi. In an gauraya su, sai yashin ya narke tun zafi bai wuce digiri 1,000 da 'yan kai ba. Wannan kuwa wutar itace tana iya kai wa, in an yi mata murhu mai kyau, an zuga ta da zugazugi. A kan ƙara farar ƙasa kaɗan don gilashin ya yi ƙarko, kada ruwa ya riƙa cinsa.

Launi kuma daga ƙarafa ya ke zuwa. Ɗan baƙin ƙarfe kaɗan a cikin yashi ya kan mai da gilashi kore, in ya yi yawa sai ya yi duhu. Jan ƙarfe ya kan ba da shuɗi mai haske, wani lokaci kuma ja. Akwai wani ƙarfe da a ke kira kobal, shi ke ba da shuɗi mai duhu kamar baba.

Akwai wani hali na gilashi da ya kamata ku riƙe. Ba ya narkewa farat ɗaya kamar ƙanƙara. Da sannu ya ke laushi, ya yi danƙo, ya riƙa jawuwa kamar alewa a hannun mai alewa. Wannan hali shi ya sa a ke iya naɗa shi, a lanƙwasa shi, a yi abin da a ke so da shi.

3. Tafiyar Duwatsun Ado

An fara yin gilashi a ƙasar Masar da ƙasar da a ke kira Iraƙi yanzu, fiye da shekara 3,500 da suka wuce. Abin da aka fara yi da shi kuwa duwatsun ado ne, tun ba a san kwalba ko tagar gilashi ba. Masarawa suna da wani kwari a cikin hamada mai suna Wadi Natrun, can su ke haƙo kanwarsu.

Daga baya sana'ar ta bazu cikin duniya. Birnin Benis na ƙasar Italiya ya shahara da ita ƙwarai. A shekara ta 1291 hukumar birnin ta kwashe masu gilashi duka, ta mai da su wani tsibiri mai suna Murano, don gudun gobara. Duwatsun da aka yi a can sun ƙetare teku, sun ƙetare hamada a bayan raƙuma, har suka iso kasuwar Kurmi ta Kano. Sa'ad da Bature Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya zo Kano a shekara ta 1851, ya lissafa duwatsun ado cikin kayan da ya ga a ke kawowa daga arewa.

Ba a zamanin Barth aka fara son su a ƙasashenmu ba. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani cikin Jihar Katsina, an tona kaburburan manyan mutanen dā a shekara ta 1907 da ta 1992, aka sami duwatsun ado cikin kayan da aka binne su da su. A Igbo-Ukwu ta Jihar Anambra, wani masani mai suna Thurstan Shaw ya yi tono a 1959 zuwa 1960, da kuma 1964. Ya sami ƙwayoyi fiye da 165,000, na gilashi da na dutse, waɗanda suka yi kimanin shekara 1,000 a cikin ƙasa.

Dā a kan zaci duk gilashin da aka tono a ƙasarmu baƙo ne. Yanzu an tabbata ba haka ba ne. A Ile-Ife, ƙasar Yarabawa, akwai wani kurmi mai suna Igbo Olokun. Masani Abidemi Babalola ya yi tono a wurin, ya sami dubban ƙwayoyi da tukwanen narka gilashi. Da aka auna su, sai aka ga mutanen Ife da kansu suka dafa gilashinsu, da kayan ƙasarsu, tsakanin ƙarni na 11 da na 15.

A Ife wannan dahuwa ta daɗe da mutuwa. Amma akwai gari guda a Nijeriya ta Arewa inda har yau wutar masu gilashi ba ta mutu ba. Garin nan Bida ne.

4. Unguwar Masaga

Bida ita ce babban birnin Nufawa, tana cikin Jihar Neja. Wanda ya tashi daga Rogo a mota sai ya bi ta Zariya, ya wuce Kaduna, ya kai Minna, sa'an nan ya gangara Bida. Garin ya zama mazaunin Etsu Nufe a tsakiyar ƙarni na 19, ya kuma bunƙasa a zamanin Etsu Masaba, wanda ya yi sarauta daga 1859 zuwa 1873. Masu sana'a iri iri suka taru a cikinsa, maƙera da masaƙa da masu ƙera tasoshin tagulla, kowaɗanne da unguwarsu da shugabansu.

Unguwar masu gilashi sunanta Masaga, su ma kansu Masaga a ke kiransu. Su dai sun ce kakanninsu daga Masar suka taso, suka biyo ta Barno, suka yi ta zango har suka zauna a ƙasar Nufe. Sana'ar gado ce gare su. Uba ke koya wa ɗa, ba a buɗe asirinta ga bare.

Gilashin da su ke dafawa da kansu sunansa bikini da harshen Nufanci. Baƙi ne wuluk, mai sheƙi. Su kan tara yashi, su gauraya shi da kanwa, su zuba a wani babban murhu da aka haƙa a ƙasa, su yi ta ba shi wuta dare da rana, kwana da kwanaki. In ya huce sai su fasa shi gunduwa-gunduwa, su raba wa masu aiki.

Ga inda Hausawa suka shigo cikin labarin. Kanwa ba ta fita a ƙasar Nufe. Daga Barno da bakin tafkin Cadi ta ke zuwa. Fataken Hausa ne su ke ɗaukarta a kan jakuna da takarkarai, ayari ayari, su bi da ita kudu har Nufe. In za su komo kuma su sayo kayan Nufawa, har da duwatsu da mundayen gilashi, waɗanda mu ke kira ƙarau. Daga hannun fatake sai hannun 'yan koli, daga nan sai kasuwannin ƙauye, sai lefen amare. Kun ga ashe Bahaushe da Banufe kowa ya ci arzikin ɗan'uwansa.

Baƙi masu bincike sun zo sun ga aikin Masaga da idonsu. Wani Bajamushe mai suna Frobenius ya sauka a Bida a shekara ta 1911. Wani kuma mai suna Nadel ya zauna cikin Nufawa tsakanin 1934 da 1936, ya rubuta littafi a kansu wanda aka buga a 1942.

5. Yadda Yaro ke Koyo

Bari mu kwatanta rayuwar yaro ɗan gidan Masaga, tsaran ɗayanku.

Ba ran da ya fara zuwa ɗakin aiki za a miƙa masa gilashi ba. Aikinsa na farko ɗauko itace ne, da share toka, da wanke kwalabe, da ware su launi launi. In ya ƙware da wannan, sai a zaunar da shi wurin zugazugi. Nan ya kan daɗe. Ga zafi, ga hayaƙi, ga gumi, hannu kuma ba ya hutawa. Amma a nan ne ya ke koyon babban karatu, watau sanin wuta. Masaga ba su da ma'aunin zafi. Da ido su ke aunawa. In gilashi ya yi ja mai duhu, da sauransa. In ya yi ja mai haske kamar garwashi, yana neman zubowa, to, ya yi daidai.

Wata rana yaron ya gaji, sai ya ce wa ubansa, "Baba, yaushe ni ma zan riƙe ƙarfe? Ai na ga yadda a ke yi."

Uban ya ce, "To, ɗana, zo ka gwada."

Yaro ya karɓi tsinken ƙarfe yana murna. Ya naɗo gilashi, ya juya, ga ƙwaya ta fito, ko da ya ke ta ɗan karkace. Don ɗoki, sai ya zare ta ya ajiye a ƙasa, ya kira 'yan'uwansa su zo su gani. Kafin su iso sai aka ji ƙas! Ƙwaya ta tsage biyu.

Yaro ya ce, "Baba, wallahi ban taɓa ta ba."

Uban ya yi murmushi, ya ce, "Na sani. Iska ce ta fasa ta. Ka ga yadda na ke naɗawa, amma ba ka lura da inda na ke ajiyewa ba. Koma wurin zugarka, ka ƙara buɗe ido."

Me ya fasa ƙwayar? Ga dalili. Kowane abu in ya huce ya kan ɗan tsuke. In gilashi mai zafi ya sha iska, bayansa ya kan huce ya tsuke tun cikinsa yana da zafi. Baya na ja, ciki na turewa, sai ya tsage. Shi ya sa in an zuba tafasasshen ruwa a kofin gilashi mai sanyi ya kan fashe. Maganin abin shi ne a binne ƙwaya cikin toka mai ɗumi, ta huce sannu sannu, ciki da baya tare.

Haka yaro zai yi ta yi, yana ɓatawa ana gyara masa, shekara da shekaru. Ba mai sana'ar nan da ba shi da tabon ƙuna a hannu. Hausawa sun ce mai haƙuri ya kan dafa dutse ya sha romonsa. A Masaga wannan magana ta kusa zama gaskiya ƙiri-ƙiri.

6. Yadda a ke Yin Ƙwaya da Ƙarau

Ɗakin aikin Masaga ba shi da haske da yawa. A tsakiya ga murhu na yumɓu, masu aiki sun kewaye shi a zaune, mai zuga yana gefe. Kayan aikinsu kaɗan ne: dogayen sandunan ƙarfe, da tsinkayen ƙarfe, da awartaki, da wani ƙarfe mai faɗi na dannawa, da kaskon toka.

Ga yadda a ke yin ƙwaya. Da fari mai aiki ya kan ɗumama guntun gilashi a bakin wuta, don in ya tura shi ciki gaba ɗaya sai ya tarwatse. In ya yi laushi, sai ya manna shi a kan sandar ƙarfe, ya mai da shi wuta har ya yi danƙo. Sa'an nan ya ɗauki tsinke da ɗaya hannun, ya jawo gilashin, ya naɗa shi a jikin tsinken, kamar yadda mai kaɗi ke naɗa zare a mazari. Tilas ya riƙa juya tsinken ba tsayawa, in ya tsaya gilashin ya zubo gefe guda. Da ƙarfe mai faɗi ya ke danna ta, ya mai da ita kewayayya, ko doguwa, ko mai kusurwa. In yana son ado, sai ya jawo siririn zare na wani launi, ya zana a jikinta, ya mai da ita wuta zanen ya nutse. Daga nan ya ƙwanƙwasa tsinken, ƙwaya ta zame ta faɗa cikin toka. Gurbin da tsinken ya bari shi ne ƙofar da a ke zura zare.

Ƙarau kuma da ƙwaya babba a ke fara shi. Mai aiki ya kan sa ƙarfe na biyu cikin ƙofar, yana juyawa yana buɗawa, yana mai da shi wuta, ƙofa tana ƙara faɗi, har ta isa hannun mace ya shiga. Ba a ganin mahaɗi a jikinsa, gama ba a haɗa shi ba, buɗa shi aka yi.

Duk wannan cikin ɗan lokaci kaɗan a ke yinsa, don gilashi ba ya jiran mai nawa. Amma kada saurin ya ruɗe ku. Saurin nan na minti kaɗan, koyon shekaru ne ya haife shi. Kuma ko ƙwaya ɗari mutum guda ya yi, ba za ku sami biyu da suka yi daidai sak ba. Wannan ita ce alamar aikin hannu.

Ba Masaga kaɗai ke wannan sana'a a Afirka ta Yamma ba. Mutanen Krobo na ƙasar Gana suna da tasu hanya. Su daka kwalba su ke yi ta zama gari, su zuba a ƙananan ramuka na yumɓu, su tsaya da ɗan karan rogo a tsakiya, su gasa. Karan ya ƙone, ya bar ƙofa.

7. Yadda Kwalba ta Kori Bikini

Kun lura mun ce yaron nan yana wanke kwalabe. Ina kwalba ta fito, alhali mun ce Masaga da kansu su ke dafa gilashinsu?

Sa'ad da kayan Turawa suka yawaita a ƙasar nan, kwalabe suka yawaita tare da su. Masaga suka ga ai kwalba gilashi ce dafaffiya. Ba sai an nemo yashi ba, ba sai an sayi kanwa ba, ba sai an kwana ana ba murhu wuta ba. Ga ta kuma launi launi: kore da ƙasa-ƙasa daga kwalaben abin sha, shuɗi daga kwalaben magani, fari daga kwalaben man shafawa. Sai suka shiga narka kwalabe. Tun zamanin da Nadel ya zauna a can an riga an fara haka.

Wannan dabara ce mai kyau, ba abin zargi ba ce. Abin da wani ya yar a juji, su suka mai da shi abin ado. Amma ta zo da hasara wadda ba a lura da ita ba da wuri. Da aka daina haƙa babban murhu, yara suka daina ganin yadda a ke dafa bikini. Ba a rubuta awon yashi da na kanwa a littafi ba, yana cikin kawunan dattawa ne kaɗai. Duk dattijon da ya rasu, sai ya tafi da nasa sani. Aka wayi gari jikokin masu dafa yashi sun iya naɗa gilashi, amma ba su iya yin gilashin kansa ba.

Bayan wannan kuma sai ga kayan roba sun cika kasuwa, masu araha, ba su fashewa. Ciniki ya ragu. Samari da yawa suka bar murhu suka kama waɗansu sana'o'i.

Allah ya sa ba a makara ƙwarai ba. A shekara ta 2019 Masaga suka haɗu, da taimakon masu ƙaunar sana'arsu, suka sake haƙa murhu irin na dā. Suka bi abin da tsofaffinsu su ke iya tunawa, suka dafa bikini bayan shekaru masu yawa ba a yi ba. Aka ɗauki aikin a hoto mai motsi don na baya su gani. A shekara ta 2021 kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Bida cikin jerin biranen duniya da suka shahara da aikin hannu.

Ku yi tunani, yara. Da an ƙara jinkiri kaɗan, har tsofaffin nan suka ƙare, wa za a tambaya?

8. Mu Dawo Gida

Watakila waninku ya ce, "To, Malam, mu ina ruwanmu? Ai mu ba Nufawa ba ne." Da ruwanmu ƙwarai.

Ƙasar Karaye da Rogo ma ƙasar masu sana'a ce. A ƙarni na 19 garuruwan wannan yanki, irin su Zarewa, sun yi suna wajen rini. Baƙin tufafin ƙasar Kano har cikin hamada a ke kai su, Buzaye suna naɗa su. Marini shi ma yana da nasa asiri: yadda a ke haɗa baba da toka da katsi, da yadda a ke gane karofi ta nuna. Ku tambayi kanku, mutum nawa ne a garinku suka san wannan yau? Da shuni na kanti ya zo, mai sauƙi, abin da ya sami bikini shi ya sami karofi da yawa.

Haka maƙeri, da masaƙi, da dukawa, da maginan tukwane, da mata masu saƙar faifai. Kowannensu yana ɗauke da sani wanda ba ya cikin littafi. Sabon abu mai sauƙi ba laifi ba ne, a karɓe shi a yi amfani da shi. Amma kafin a ajiye tsohon, a tabbata akwai wanda ya iya shi, an kuma rubuta shi.

Ku kuwa kuna da abin da yaran Masaga na dā ba su da shi, watau alƙalami. Kun iya karatu, kun iya rubutu. In akwai tsoho mai sana'a a gidanku ko a unguwarku, ku je ku durƙusa ku gaishe shi. Ku roƙe shi ya nuna muku aikinsa. Ku tambayi sunan kowane kayan aiki, da abin da a ke fara yi, da abin da ke biye. Ku rubuta duka. In ya yarda ku taya shi, ku taya, ko da ɗaukar itace ne. Kada ku raina aikin farko, gama daga zuga a ke zama gwani.

Abu ɗaya na gargaɗe ku. Kada ku yi wasa da fasasshiyar kwalba, kada kuma ku jefa kwalba a wuta wai kuna kwaikwayon Masaga. Za ta fashe ta yi muku rauni a ido. In kun ga fasasshiyar kwalba a hanya, ku gaya wa babba a kawar da ita.

In kuma kakarku ta nuna muku duwatsunta, ku riƙe su da hannu biyu. Kowace ƙwaya a ciki, wani ne ya sha zafin wuta kafin ta samu.

Tambayoyi

1. Faɗi hanyoyi uku da za ka bambanta ƙwayar gilashi da ta roba.
2. Me ya sa a ke gauraya yashi da kanwa?
3. A wane gari Masaga su ke, kuma a wace jiha?
4. Daga ina kanwa ta ke zuwa Nufe, su wa ke kai ta?
5. Me ya fasa ƙwayar da yaron ya yi? Yaya a ke hana haka?
6. Wane amfani kwalabe suka kawo wa Masaga, wace hasara kuma suka jawo?
7. Me aka gano a Igbo Olokun?

Aiki

(a) Zana taswira, ka nuna Karaye da Rogo da Kano da Zariya da Bida da tafkin Cadi.
(b) Ziyarci wani mai sana'ar hannu a garinku. Rubuta sunayen kayan aikinsa guda biyar, da amfanin kowanne.
(c) Rubuta layi goma a kan wannan karin magana: Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.